Wai Maharbi Ɗan Kansa Ne?

Kwanan baya na sake kallon fim ɗin nan na 2010, Happy People, wanda Werner Herzog da Dmitry Vasyukov su ka fitar. Ya nuna masu ɗana tarko na ƙauyen Bakhta, a bakin kogin Yenisei da ke Sibiriya ta ƙasar Rasha. Mutum ɗaya da karensa za su yi watanni cikin ƙanƙara. Shi ya sassaƙa kwalekwalensa, shi ya gina bukkarsa. Herzog ya ɗauke su a matsayin 'yantattun mutane masu farin ciki.

Ina kallo sai na tuna maharban Dawaki da ƙauyukan Rano da Kibiya, waɗanda in an gama girbi su kan ɗau gatari da tarko, karnuka na biye, su nufi dawa neman zomo, gafiya ko zabon daji. Su ma ba su jiran albashin kowa. To amma, mai karatu, wannan 'yanci ne ko kuwa dole ce?

Ni dai ina ganin babu mai rayuwa shi kaɗai. Ɗan Sibiriya ya dogara da mai sayen fata da mai sayar da fetur. Namu kuwa ya dogara da maƙerin da ya ƙera masa tarko, da mai sayen nama, uwa uba da dajin kansa. To gonaki sun cinye dawa, Falgore kuma gandun gwamnati ne, an hana farauta. Shi ya sa mafarautanmu ke tsallakawa kudu, kuma ba mu manta da mutum 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo cikin Maris 2025 ba, su na hanyar dawowa gida yin Sallah.

Saboda haka mu daina yaba wahalar da ba za mu iya ɗauka ba. Abin koyi a wurin maharbi ba kaɗaici ba ne, sanin iyaka ne: maharbin kirki ba ya ƙarar da dabba, domin ya san baɗi zai dawo. In 'yan fim ɗinmu za su ɗauki labarinsa, don Allah kada su tsaya kan layu da kirari. Su nuna mana wanda ya dawo da jaka ba komai, yara na jiran tuwo.