Ranar da Muka Ce Sun Girma

Ɗana, tunda Allah ya ba ka 'ya'ya har sun fara tasawa, zauna in faɗa maka abin da mu ba a faɗa mana ba. 'Ya mace takan fara ƙirgen dangi tsakanin shekara 8 da 13, namiji kuma alamun balagarsa kan biyo baya kaɗan, amma hankalin da zai ɗauki wannan sabon jiki ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. Mu kuwa da mun ga jiki ya canza, sai mu canza doka a dare ɗaya.

Yarinyar da jiya take langa a ƙofar gida, yau an ce ta rage murya, ta gyara zama, ta tuna gidan wani za ta. Ido ya yi mata yawa, na gida da na waje, ba kuwa wanda ya zaunar da ita ya gaya mata dalili, sai ta ɗauka jikinta ne ya yi laifi. Likitoci sun daɗe da lura cewa daga balaga ne ciwon fargaba da damuwa ke fin yawa ga mata, kuma wadda ta riga sa'o'inta girma ta fi shiga wannan hali. Na san ba mugunta ke sa ka tsananta mata ba, tsoro ne irin na uba, amma tsoron nan naka ita ke kwana da shi.

Shi kuma namiji an ce masa namiji ba ya kuka, to ina zai kai faɗuwar gabansa? Sai ta fito a fushi, ko ya daina cin tuwon gida, mu ce ya fara taurin kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin duk yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da matsalar ƙwaƙwalwa. Labarin zuciya a tambayi fuska: in ka ga barci ya ƙaurace, ana yawan kukan ciwon ciki ranar makaranta, kada ka tsaya a kan cewa iska ce, ka yi addu'a ka kuma kai asibiti. Ita yarinyar, ka ce wa uwarta ta yi mata bayanin al'ada tun jinin bai zo ba. Shi kuwa yaron, ka goya shi a babur ku tafi kasuwa, a hanya ka ba shi labarin dariyar da aka yi maka lokacin da taka muryar ta fara fashewa.