WAHALAR DA AKE SAYE DA KUƊI: ƘOSHI NE KO HIKIMA?



Ranar Talata bayan Isha'i, wani dattijo cikin mamuna ya jira har masallaci ya watse, sannan ya miƙo min waya. "Liman, duba min wannan. Hankali ne ko ƙoshi?"

Hoton ɗansa ne, likita da ke aiki a Ingila, riƙe da keke a kan kwalta, hagu da dama baƙin dutse kamar an zazzage gawayi. Hutun kwana goma ya ɗauka ya tafi tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, waɗanda aman wuta ya fito da su daga cikin teku, yamma da Maroko. Ba kamfanin yawon buɗe ido ne ya kai shi ba. Shi ya tsara hanyarsa, ya yi hayar keke, ya kama masauki, ya duba lokutan jirgin ruwa daga tsibiri zuwa tsibiri. A Tenerif ya taso daga bakin teku yana taka feda a hawa har ya haura mita 2,000, a gindin dutsen Teide mai tsayin mita 3,715. Ya kuma je La Palma, inda dutse ya fara aman wuta ranar 19 ga Satumba 2021, ya kwana 85 yana cinye gidaje da gonakin ayaba.

Dattijon ya ce: "Shekara talatin ina ɗaukar taki da masara a kariyar keke tsakanin ƙauyenmu da Malumfashi, duk don kada shi ya hau. Yau ya biya kuɗi don ya hau! Sati biyu ke nan ban ɗauki wayarsa ba."

Maganar gaskiya, da farko dariya ta zo min. Amma uba da ɗa ba sa magana, ai wannan ya wuce dariya. Na ce, "Baba, ba ni kwana biyu." Ga abin da na fita da shi.

Ta fuskar hukunci mas'alar ba ta da wuya. Tafiya don ganin ƙasa halal ce matuƙar babu saɓo a cikinta, ba a tozarta sallah ba, ba a kuma danne haƙƙin kowa ba. Na tambayi dattijon, ya tabbatar min yaron ya aiko kuɗin takin bana tun kafin ruwa ya sauka, yana kuma biya wa ƙannensa makaranta. To kalmar almubazzaranci ba ta hau nan ba.

Sai dai kada mu zarce mu ce wahala a karan kanta lada ce. A Bukhari akwai ƙissar Abu Isra'ila, wanda ya yi bakance zai tsaya a rana, ba zama, ba magana, yana azumi. Manzon Allah (SAW) ya sa aka umarce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya dai cika azuminsa. Ka ga ke nan gumi shi kaɗai ba ya ƙara wa mutum daraja. Abin dubawa shi ne me ya kai ka, me kuma ka dawo da shi.

Mu da muka yi karatun Larabci mun san Ibnu Jubair, malamin Andalus. A hanyarsa ta dawowa daga Hajji jirginsu ya tarwatse a gaɓar Sikiliyya a ƙarshen 1184, kuma a can ya ga tsibiran da ke fitar da hayaƙi da rana, wuta da dare. Bai kawar da kai ba. Ya tsaya ya duba, ya rubuta, yau sama da shekara 800 ana karantawa. Alƙur'ani ma a wurare da dama ya kira mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba, kuma aya ta 27 a Suratu Faɗir ta ja hankali kan launukan duwatsu, har da baƙaƙe wuluk. Wanda ke kan keke yana ganin abin da mota ke wucewa a guje.

Saboda haka na kira yaron da kaina. Na ce, "Dakta, me ka gano?" Ya yi shiru, can ya ce: "Malam, awa shida na yi a hanyar da ban san kowa ba, ni kaɗai, babu wanda ya tare ni. Sai na tuna gonar Baba ta nesa da aka daina nomawa."

Nan jikina ya yi sanyi. Ina yaro na sha hawa keken mahaifina, ƙafata ta cikin firam don ban kai sirdi ba, zuwa Bakori in dawo bayan Magariba, tsorona ɗaya kada taya ta yi faci. Yau wa zai bar ɗansa ya nufi yankin Faskari ko Sabuwa a keke da almuru? Ashe abin da Dakta ya saya ba wahala ba ce, aminci ne, wanda iyayenmu suka samu kyauta, mu ma ba mu san ni'ima ba ne sai da ya kuɓuce.

Na kuma tuna masa abu guda. Waɗannan tsibirai da ya shiga da fasfo da tikitin komawa, a 2024 sama da mutum dubu 46 suka isa gare su a kwale-kwale daga gaɓar Senegal, Muritaniya da maƙwabta, waɗanda teku ya ci kuwa Allah kaɗai Ya san adadinsu. Ƙasa ɗaya, rana ɗaya, ƙishirwa ɗaya, amma wani idan ya gaji sai ya sauka ya sha ruwan sanyi, wani kuwa ba shi da wurin sauka. Wanda ya zaɓi wahalarsa, kada ya kuskura ya kwatanta kansa da wanda wahala ta zaɓa. Godiyarsa ita ce ya tuna da su, da hannunsa ba da baki kawai ba.

Da na koma wa dattijon, na ce: "Baba, fushinka ba na hukunci ba ne. Kana ganin ya mayar da guminka abin wasa. Amma gumin nan naka ne ya kai shi inda keke ya zama zaɓi, ba dole ba. Ai abin da ka roƙa masa ke nan." Bai ce komai ba, ya sa takalmi ya fita.

Jiya bayan Asuba ya raɗa min cewa sun yi magana. Wai yaron na tambaya ko tsohon keken yana nan. Yana nan, rataye a zaure, babu sarƙa.

Allah Ya dawo mana da aminci a hanyoyinmu da gonakinmu, Ya shirya tsakanin iyaye da 'ya'yansu. Wallahu a'alam.