Maɗiga

Ya Ubangiji, da asubar nan na ɗora hannu a kaina, na shafa tun daga goshi har ƙeya. Ko'ina tauri. In don ta hannuna ne, sai in ce ƙashi guda Ka kifa mini a kan ƙwaƙwalwa.

Alhali ƙasusuwa 22 ne a ƙoƙon kan babban mutum. Guda 8 sun kewaye ƙwaƙwalwa, 14 sun tsara fuska. Duk a manne suke da juna, in ban da muƙamuƙin ƙasa, wanda Ka bari yana motsi don in tauna abinci, in kuma kira sunanKa.

Duk wanda ya taɓa cin kan rago har ya kai ga ƙashi ya ga mahaɗar. Layi ne siriri mai lanƙwashe-lanƙwashe, kamar ɗinkin gyartai a jikin ƙwarya, sai dai babu zare. Bakin wannan ƙashi ya shige cikin na wancan, sun cije. Da rago da saniya da raƙumi da ni, duk da irin wannan ɗinki muke yawo.

Amma abin da ya tsaya mini a rai yau shi ne maɗiga.

Ba da rufaffen kai Ka kawo ni duniya ba. Jariri yakan zo da ƙasusuwan kansa a rarrabe, wani tantani mai ƙarfi ne yake riƙe da su. A saman kai, inda ƙasusuwa huɗu suka nufo juna ba su haɗu ba, akwai ɗan fili da babu ƙashi sam. In jaririn yana barci, aka sunkuya aka duba da kyau, ana ganin wurin yana ɗan harbawa tare da bugun zuciyarsa. Akwai wata ƙarama ta wajen ƙeya, wadda takan rufe cikin wata biyu zuwa uku. Babbar kuwa takan kai shekara ɗaya da rabi, wani lokaci har biyu.

Da ni aka tambaya, da na ce a rufe tun daga ciki. Ƙwaƙwalwa ce fa! Wa zai bar ta da fata da tantani kawai, a gidan da yara ke guje-guje?

Kai kuwa Ka san hanyar da kan zai bi ya fito. Lokacin naƙuda ƙasusuwan sukan ɗan hau kan juna, kan ya matse ya wuce. Shi ya sa ungozoma ba ta razana in ta ga kan jariri ya yi tsawo. Ta san kwana kaɗan zai koma daidai. Ka kuma san ƙwaƙwalwar da aka haife shi da ita wajen kashi ɗaya cikin huɗu ce ta babban mutum, tana neman wurin girma. Akwai yaran da ɗinkin kansu yake rufewa kafin lokaci. Sai kan ya karkace, wani sa'i ma sai likita ya yi tiyata ya sake buɗewa.

Har labari maɗiga take bayarwa. In gudawa ta kama yaro, uwa ta ga maɗigarsa ta faɗa, to ruwan jikinsa ya yi ƙasa, sai a hanzarta da ruwan gishiri da sukari, a nufi asibiti. Yaron bai iya magana ba tukuna, amma Ka bar wa uwarsa inda za ta duba.

Ubangiji, ni ma ina da wuraren da Ka bari a buɗe. Akwai addu'ar da na daɗe ina yi, har yanzu shiru. Akwai al'amarin da nake kwana da shi ina tashi da shi, ban san ta inda zai ɓulle ba. Nakan so in ga an gama, an ɗinke, in huta da tunani. Wata rana har nakan ji kamar Ka fara aikin ne Ka bar shi.

Sai na tuna jariri bai ma san yana da maɗiga ba. Barcinsa yake sha. Uwarsa ce ta sani, ita ce ke tallabe kan idan za ta ɗauke shi, ita ce ke cewa yayyensa su yi a hankali. Ni ma na yi wannan zamani, ban tsare kaina ko na dare ɗaya ba, ga shi na girma.

Ko yanzun ma ba a toshe nake ruf ba. A gindin ƙoƙon kaina akwai babban rami inda laka ta bi ta sauka cikin ƙashin baya. Na rago yana can ta baya, nawa yana ƙasa, domin a tsaye Ka yi ni. Akwai ƙananan kafofi da jijiyoyin gani da na ji suke bi. Ta nan hasken safiyar nan ya iso gare ni, ta nan na ji carar zakara.

To, ba zan roƙe Ka Ka rufe mini kome yau ba. In lokacin bai yi ba, bar shi. Ka dai tallabe ni, Ka kuma ba ni haƙurin da zan fita aiki da tambayata ba tare da na ƙirƙiro mata amsa da kaina ba. Amin.