In Kuturta ta Shigo Gidanka

Ɗan'uwa, in ka ga tabo a bayan matarka ko a hannun ɗanka, tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, ka shafa shi da auduga mai shi bai ji ba, mi za ka yi?

Mutane da yawa su kan rufe shi da riga su yi shiru, domin sun san abin da a kan yi wa kuturu. A ware masa ƙwarya, a yi masa bukka bayan gari, a ƙi auren ƴaƴansa. In mace ce, a maida ita gidan ubanta. Amma ka sani ɓoyon nan shi ke cin yatsu. Ciwon ya kan kashe jijiyoyin ji. Mace ta ɗauki tukunya daga murhu ta ƙone ba ta sani ba, manomi ya taka ƙaya ya wuni da ita a ƙafa, miki ya ruɓe, da haka gaɓa ta ke lalacewa.

Kuturta ba sammu ba ce, ba gado ba ce. Ƙwayar cuta ke kawo ta, wadda wani lokotoro mai suna Hansen ya gano a ƙasar Norwai a 1873. Ta kan bi ta hanci da baki in an daɗe ana zama da wanda bai sha magani ba, ta kan kuma yi shekara 5 ko fiye kafin ta nuna. Cikin mutum 100, wajen 95 jikinsu ya kan ƙi ta. Tun 1981 ana haɗa magunguna, yanzu a kan sha su wata 6 ko wata 12, tun 1995 kuwa kyauta a ke ba da su. Wanda ya fara sha ba ya ƙara ba kowa ciwon. To, ka gani? Mai ɓoyewa shi ne ya bar ƴaƴansa cikin hatsari.

Kai maigida, ka yi wa matarka alkawari gaban Allah da gaban ikilisiya, ba ka ce sai in tana da lafiya ba. Ka buɗe Markus sura 1. A zamanin nan shari'a ta sa kuturu ya zauna a ware, amma da wani ya zo ya durƙusa, Yesu bai ja da baya ba. Yana da ikon warkar da shi da magana daga nesa, duk da haka ya miƙa hannu ya taɓa shi. Shekara nawa mutumin nan ya yi ba wanda ya taɓa shi? Kada kuma ka zauna kana neman zunubin da ya jawo ciwon. Almajirai sun yi irin wannan tambaya a kan makaho cikin Yahaya sura 9, Ubangiji kuwa ya nuna musu ba laifin mutumin ba ne, ba na iyayensa ba.

Marar lafiya bai rasa mutuncinsa ba. Shi Hansen ɗin nan, da dukan iliminsa, a 1879 ya yi gwaji a idon wata marar lafiya ba da yardarta ba. Aka kai shi gaban shari'a, aka tuɓe shi daga aikinsa na asibiti a 1880, kuma daidai aka yi. Mu ma muna da namu laifin. Ɗan'uwa ya gaya maka asirinsa da dare, ran Lahadi ka tashi cikin sujada ka faɗa wa kowa wai roƙon addu'a ne. Sai ka tambaye shi tukuna. In ya ce a'a, ka yi masa addu'a cikin ɗakinka.

Abin da ya kamata ka yi, ka raka shi likita mafi kusa, ko asibitin Danja, kudu da Maraɗi, inda a ke duba wannan ciwo tun 1956. A duba sauran mutanen gida su ma. Maganin ya kan sa fitsari ya yi ja, fata ta yi duhu. Kada wannan ya ba ku tsoro, ya kan wuce. Ko tabon ya ɓace a wata na 3, kada ya daina sha sai lokotoro ya ce ya isa. Ke uwargida, kowane maraice ki duba masa tafin hannu da tafin ƙafa, ki jiƙa su cikin ruwa, ki shafa mai, kada kuma ya fita gona ba takalmi.