Me Ke Sa Mutum Ya Sakankance?

Ya ku 'yan makaranta, ga wata tambaya da mu ke so ku juya ta a zukatanku tun ba ku bar aji ba. Kullum safiyar Allah mutum yana yanke shawara. Wata ƙarama ce, kamar ko ya ci kasuwar Bakori yau ko ya bari sai ta gaba. Wata kuwa babba ce, wadda abincin gidansa na shekara guda ya rataya a kanta. To, me ke faruwa a zuciyar mutum tsakanin sa'ad da ya ji magana da sa'ad da ya saɓi fartanya ya tafi ya aikata ta? Tambayar ta shafe ku, gama da yawa cikinku za su zama malaman gona, ko na asibiti, ko na makaranta, aikinku kuwa duk zai zama shawo kan mutanen da suka girme ku, har da iyayenku.

Da farko sai mu rarrabe kalmomi uku da a kan gauraya su, watau "na ji", da "na bi", da "na yarda". Talaka ya kan durƙusa gaban hakimi ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe," alhali maganar ba ta wuce kunnensa ba. Ya kan bi umurni muddin dogari na tsaye, in an juya baya ya koma ga abin da ya saba. Yarda ita ce wadda ta ke sa mutum ya yi abu cikin jeji, inda ba mai ganinsa, da irinsa da guminsa. Malamanmu na Arabiyya sun kasa yaƙini kashi uku, su kan misalta shi da wuta: akwai wanda aka ba shi labarinta, akwai wanda ya gan ta da idonsa, akwai kuma wanda ya ji zafinta a jikinsa. Haka manomi ya ke. Ya kan ji labarin sabon iri a kasuwa, ya gan shi a gonar maƙwabci, sa'an nan ya shuka kunya goma a gefen gonarsa, ya ci tuwonsa. Mu duba tarihin nomanmu mu ga ko haka ne.

A shekarar 1902 masu masaƙun birnin Mancesta, a Ingila, suka kafa ƙungiyar nan ta B.C.G.A., don su sami audugar da ba ta Amurka ba. Suka ɗora babban zato a kan ƙasar Hausa, suna ganin da zarar jirgin ƙasa ya iso Kano sai auduga ta yi ta kwarara zuwa bakin teku. Jirgi ya iso Kano a 1911. Aka yi ta shela, aka raba angurya kyauta. Amma manoman Kano sai suka juya ga gyaɗa. A 1912 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya kimanin ton 2,500 ce, a 1913 kuwa ta haura ton 19,000, har buhuna suka rasa wurin ajiya a tashar Kano.

Me ya jawo haka? Kuɗin da kamfanin ya sa wa auduga, wajen kwabo guda a laba, bai kai abin da masaƙan Kano su ke biya ba. Jigawar Kano kuma ta fi karɓar gyaɗa. Har wa yau, in gyaɗa ta rasa mai saye, mata sa soya ta su matse mai su yi ƙuliƙuli, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Amma akwai wani dalili da ya fi waɗannan dacewa da zancenmu, shi ne bakin da maganar ta fito. Fataken goro irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, daga baya kuma Alhassan Ɗantata, su suka aika yaransu ƙauyuka, suna ba da gishiri da tufafi bashi tun gabanin kaka. Manomi ya san su, ya san gidajensu, ya kuma ga sun zuba dukiyarsu cikin abin da su ke faɗa. In maganar ta zama ƙarya, tare za su yi hasara. Wannan shi ne abu na farko da ke kwantar da zuciya: mai ba da shawara ya zama yana da abin da zai rasa.

A nan kudancin Katsina labarin ya bambanta. Ƙasarmu ta fi ta Kano nauyi da riƙe danshi, ruwan sama kuma ya fi yawa, saboda haka auduga ta samu gida. Irin nan da a ke kira Allen, wanda asalinsa na Amurka ne, an kawo shi ta Uganda a 1912. Aka buɗe gonar iri a Daudawa cikin shekarun 1920, aka kafa injin gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, hanyar jirgin da ta taso daga Zariya ta ratsa Funtua har ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Da kasuwa ta matso kusa, kakanninku suka ga auduga tana biyan haraji har a sami rarar yin sutura, sai suka rungume ta.

Duk da haka akwai magana guda da aka yi shekara da shekaru ana faɗa musu ba su ɗauka ba. Malaman gona sun ce a shuka auduga da wuri, cikin watan Yuni, don ta fi ba da amfani. Gaskiya suka faɗa, an gwada a Samaru an gani. Manoma kuwa sai su ce "mun ji", su bar ta sai ƙarshen Yuli. Aka yi ta kiran wannan taurin kai da duhun kai. Sai cikin shekarun 1960 da 1970, da waɗansu masana na Samaru, cikinsu har da David Norman, suka zauna da mutanen ƙauye suna ƙidaya kwanakin aikinsu, sa'an nan dalili ya bayyana. Yuni da Yuli su ne lokacin noman firi da maimai na dawa da gero. Hannaye kaɗan ne, rumbu ya yi ƙasa, ciyawa kuwa ba ta jiran kowa. Wanda ya bar dawarsa ya tafi ga auduga ya sa iyalinsa a caca. Malami yana lissafin auduga a eka, mai gida yana lissafin bakunan da za su ci tuwo, kowannensu kuwa lissafinsa daidai ne. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Ga abu na biyu ke nan: mutum ya kan auna magana da girman hasarar da za ta same shi in ta ɓaci, kafin ya dubi ribar da za ta kawo in ta yi kyau.

Garmar shanu ma haka ta sha. An fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu a 1928, baitulmalin En'e yana ba da rancen bijimai biyu da garma, a biya a hankali. Da fari mutane ƙalilan ne suka karɓa. Sai an tumɓuke kututture daga gona tukuna, in kuma sammore ya kashe sa guda, bashi yana nan bai mutu ba. Abin bai bazu ba sai da mutane suka ga maƙwabcinsu ya gama huɗa suna tsakiyar tasu, suka ga takin shanun ya gyara masa gona, suka kuma ga ya sayar da bijiman bayan 'yan shekaru fiye da yadda ya saye su. Masara ta bi wannan hanya. Dā a bayan gida a ke shuka ta, yara su gasa. A 1975 aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtua tare da Bankin Duniya, lokaci guda da na Gusau da na Gombe, aka yi hanyoyin ƙauye, aka kawo takin zamani da rahusa da farar masara da aka gyara irinta a Badun. Cikin 'yan shekaru masara ta mamaye gonakin da dā dawa ce kaɗai a ciki, don kowa ya ga buhunan da a ke saukewa a ƙofar gidan wane.

Kada ku zaci wannan hali na Bahaushe ne kaɗai. A 1943 waɗansu masana biyu, Ryan da Gross, suka buga binciken da suka yi a kan manoma 259 a jihar Ayowa ta Amurka, game da sabon irin masara. Suka tarar yawancinsu daga bakin masu tallar iri suka fara jin labarinsa, amma maƙwabta ne suka sa suka yarda. Shekaru su kan wuce tsakanin ji da shukawa, in an tashi shukawa kuma da ɗan yanki a kan fara. Ashe ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. Gani ya kori ji.

To, amma ido ba ya ruɗin mai shi? Yana yi ƙwarai. Wanda ya ga masarar maƙwabci a 1978 ya ga abu biyu ne a haɗe, watau masara da taki mai araha, sai dai ɗaya kaɗai ya ke tsaye a gona. Da gwamnati ta janye rangwamen taki a 1997, mutane da yawa suka gane masara ba ta haƙuri da yunwa kamar dawa. Haka kuma in wani abu ya yi tsada bana, kowa ya gani, kowa ya shuka baɗi, da kaka kasuwa ta cika kuɗinsa ya faɗi. Kowa ya ga gaskiya da idonsa, taron kuwa ya yi kuskure. Akwai kuma abubuwan da ido ba shi da ikon gani ko kaɗan. Ba mai ganin ƙwayar cuta cikin ruwan rijiya mai garau. Amfanin allurar rigakafi ciwo ne wanda bai zo ba, yaya za a nuna wa uwa abin da bai zo ba? A irin wannan wuri ba abin da ya rage sai amincin mai magana.

Nan ne tambayar ta zama ta hali da ɗabi'a. Wani zai ce, tun da na san abin alheri ne, mene ne laifi in na ƙara gishiri, ko na tsoratar, ko na kira dogari, don mutane su yi abin da zai amfane su? Mu dai muna ganin da laifi. Wanda ya ce wa manomi sabon iri ba ya taɓa faɗuwa, ran da fari ya zo ya faɗi, ya kashe maganarsa ta gobe, har da ta malamin da zai gaje shi. Aminci kamar hatsin rumbu ya ke, a hankali a ke tara shi, gobara guda ta cinye shi. Tilas kuwa tana sa mutum ya ce "na bi", ba ta taɓa sa shi ya ce "na yarda" ba. Bayan wannan, mai gona shi zai kwana da yunwa in abin ya ɓaci, saboda haka haƙƙinsa ne a gaya masa gaskiya dukanta, daɗinta da ɗacinta, a bar shi ya zaɓa.

Saboda haka in an zo muku da magana, ku yi mata tambaya uku. Wa ya faɗa, me kuma zai rasa in ba ta tabbata ba? A gonar wa aka gani, ƙasarsa da ƙarfinsa irin nawa ne, shekara nawa kuma aka yi ana gani? In na bi ta ɓaci, ina iya tashi, ko kuwa faɗuwar da ba tashi ce? Abin da hasararsa kaɗan ce a gwada shi ba da jinkiri ba, gama sai an gwada a kan san na ƙwarai. Abin da zai iya cinye gida a bi shi da sannu. In shaida ta taru kuma, kada girman kai ya hana mutum sake ra'ayi, don mai ƙin gaskiya bayan ya gan ta bai fi mai bin kowace iska hankali ba.

In ku ne masu kai maganar, ku fara da tambaya. Ku ce, "Baba, me ya sa a ke yin haka?" ku saurara har ya gama, gama sau da yawa akwai dalili a ƙarƙashin abin da ya yi kama da taurin kai. Kada ku nemi gonar duka, ku roƙi kunya goma a gefe, ku yi aikinta da hannunku, ku faɗi inda abin zai iya ɓaci tun bai ɓaci ba. In ya yi kyau ba ku bukatar dogon jawabi, masu wucewa za su tsaya su tambaya da kansu. In bai yi ba, dattijon ya ga ba ku yi masa ƙarya ba, gobe zai sake ba ku kunne.

Muna so waɗanda iyayensu ke noma a wajen Funtua da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari su tambaye su cikin hutun nan, wane sabon abu ne suka daɗe suna ƙi kafin su karɓa, wa kuma ya shawo kansu. Ku rubuto mana amsar yadda suka faɗa. Allah ya ba mu kunnen jin gaskiya da haƙurin auna ta, amin.