Idan Hukuma Ta Cuci Marayan Da Ke Hannunta, Wa Zai Biya?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Tun zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, aka yanke cewa jaririn da aka tsinta a yashe ɗa ne, ba ya bautuwa, kuma ciyar da shi yana kan baitulmali. Imamu Malik ya kawo wannan hukunci a cikin Muwaɗɗa. Ashe ke nan yaron da aka tsinta a Minanata, ko a wata unguwa ta birnin Shehu, aka kai shi gidan marayu na gwamnati, amana ne a wuyan hukuma. Nijeriya ta kafa dokar haƙƙin yara a 2003, Jihar Sakkwato kuma ta yi tata a 2021. To, in wannan yaro ya nakasa saboda sakacin waɗanda aka damƙa musu shi, wa zai biya?

Malaman fiƙihu sun ce ba a ɗora wa mai riƙon amana ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Amma in ya yi, kyakkyawar niyyarsa ba ta sauke masa nauyi. An ruwaito cewa Umar ya aika a kira wata mata mai ciki, ta firgita, ta yi ɓari. Wasu sahabbai suka ce ba kome a kansa, tun da gyara ya nufa. Sayyidina Ali ya ce akwai diyya, Umar kuwa ya karɓi wannan hukunci.

Wani zai ce dukiyar gwamnati ta jama'a ce, don me talaka zai biya laifin ma'aikaci? Amsa ita ce da sunan jama'a aka ɗauki yaron, da kuɗinsu aka ɗauki ma'aikacin. A hukunta mai sakaci, amma kada a jingina haƙƙin maraya ga aljihun wanda albashinsa bai isa ya sayi magani ba.

Wasu ƙasashe sun bi wannan hanya. A 2002 majalisar Ayalan ta yi dokar biyan waɗanda aka azabtar suna yara a gidajen reno da gwamnati ke sa wa ido. A 2023 kotun tarayyar Kanada ta amince da diyyar da ta haura dalar Kanada biliyan 23 ga 'ya'yan asalin mazauna ƙasar da tsarin kula da yara ya cuta.

Maraya ba shi da lauya, ba shi da uban da zai yi ta zirga-zirga a kotu. Saboda haka ya wajaba 'yan majalisa su rubuta diyyarsa cikin doka: wurin kai kuka, wanda zai bincika, da asusun da za a biya daga ciki, ko da ya girma kafin ya iya buɗe baki. Kuɗi ba sa mai da ƙuruciya, amma amsa laifi da biyan haƙƙi sharaɗi ne na tuba.

Allah Ya ba shugabanni ikon sauke amana tun kafin ranar hisabi, amin.