Nauyin Bayan Tarakta da Alhakin Wanda Ya Ƙera Shi

A ƙananan gonakin Amurka da na Turai, inda manomi kan mallaki tarakta guda ya yi dukan aikinsa da ita, an saba ɗaura mata hannuwan ƙarfe a gaba masu ɗauke da babban cebur, domin kwasar ƙasa da taki da duwatsu. Da zarar cebur ya cika aka ɗaga shi, sai sandar tayoyin gaba ta zama madogara, wato wurin da nauyin gaba da na baya ke rinjayar juna a kansa, tayoyin baya kuma su rage kama ƙasa, alhali a yawancin ƙananan taraktoci birki yana tayoyin baya ne. Wannan ita ce ƙa'idar da Arkimidis ya bayyana tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS), cewa ƙarfin rinjaye yana zuwa ne daga nauyi da kuma nisansa da madogara.

Maganin matsalar shi ne a rataya nauyi a baya, a kan maƙalar nan mai hannu uku da Harry Ferguson ya yi wa rajista a 1926. Kamfanoni suna sayar da akwatin ƙarfe domin haka, amma manoma da yawa sun fi son su sami duro mai cin lita 200, su soka masa sandar ƙarfe, su cika shi da kankare, wanda ke ba su kusan kilo 480 da kuɗi kaɗan. Dabarar tana da hujja, domin ruwan da ake ɗurawa cikin tayoyin baya yana danne su ne kawai, shi kuwa nauyin da ya zarce su ta baya yana sauƙaƙa wa sandar gaba kayan da take ɗauke da shi.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan aiki ta falsafa ce da fiƙihu: shin mutum yana da damar ƙera da hannunsa abin da rayuwa ta rataya a kansa? Masu hanawa suna kafa hujja da cewa kamfani ya gwada kayansa, manomi kuwa bai gwada ba. Hujjar tana da rauni ta fuska ɗaya, saboda kankare ba ya sanin wanda ya kwaɓa shi, kuma kilo 480 na duro daidai yake da kilo 480 na akwatin kamfani. Abin da ke raba su shi ne ilimi da zato. Manomin da ya duba littafin taraktarsa ya san iyakar abin da maƙala za ta iya ɗauka, ya auna duronsa a sikeli, ya tabbatar da ingancin waldar, ya kuma ajiye nauyin ƙasa-ƙasa, yana aiki da ilimi. Wanda ya cika duro da ido, ya ɗaure shi da sarƙar da ya tsinta, yana aiki da zato, ko da ya shekara bai ga ɓarna ba.

Malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin wanda ya yi ɓarna kai tsaye da wanda ya zama sanadinta, suka ɗora wa na biyun lamuni, wato wajabcin biyan abin da ya salwanta, idan ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, kamar mai haƙa rijiya a kan hanyar jama'a. Wanda ya ƙi sayen akwatin kamfani ya tsira da kuɗinsa, amma ya karɓi alhakin da kamfani zai ɗauka, kuma alhakin yana ƙaruwa ranar da ɗansa ko ɗan ƙwadagonsa ya hau taraktar, domin su ba su ga yadda aka yi waldar ba, amana kawai suka bayar. Kifewar tarakta tana cikin manyan abubuwan da ke kashe manoma a Amurka, kuma tun 1959 ƙasar Suwidin ta wajabta ƙarfen kariya a kan sababbin taraktoci saboda wannan haɗari.

Tawakkali ba ya ɗauke wannan nauyi, tun da shari'a ta sanya shi bayan riƙo da sababi ne. Saboda haka ƙera nauyin baya a gida halal ne ga wanda ya auna ya gwada, sakaci ne kuma abin lamuni ga wanda ya miƙa wa wani makullin taraktar bai yi haka ba.